Hawan tudu da ƙaramar giya: shin sauƙaƙa wa kai wahala ragwanci ne?

Gabatarwa

A kudu maso gabashin birnin Saint-Étienne na ƙasar Faransa akwai wata hanya da ke kutsawa cikin kurmi mai duhu, tana hawa har ta kai wani mashigin dutse da ake kira Col de la République, mai tsayin mita 1161 daga saman teku. Mai keken da ya bar birnin da sassafe, da jakunkuna biyu rataye a bayan sirdi kamar mangalar jaki, yana nufin yankin Provence da ke kudu, ba zai yi nisa ba hanya za ta ɗaga kai. Feda ta yi nauyi, numfashi ya fara sama-sama, gumi ya keto duk da sanyin safiya. A nan zai iske kansa gaban zaɓi uku. Ko dai ya miƙe tsaye ya danne feda da iyakar ƙarfinsa, ko ya sauka ya tura keken, ko kuwa ya taɓa wani ɗan ƙarfe da ke kusa da hannunsa, sarƙa ta koma kan ƙaramar giya, ya ci gaba da hawa sannu a hankali yana zaune.

Zaɓi na uku ba ya ba kowa mamaki a yau. Amma a farkon ƙarni na 20 an yi shekaru fiye da talatin ana jayayya a kansa a Faransa, kuma jayayyar ta wuce maganar ƙarfe da sarƙa, ta taɓo wata tsohuwar tambaya game da halin ɗan Adam: shin wahala ce ke ba aiki daraja, har ya zama wanda ya rage wa kansa ita ya rage darajar abin da ya samu? Hausawa sun san tambayar, kuma karin maganarsu ya amsa ta ta fuska biyu. Sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sun kuma ce sannu sannu kwana nesa. Tafiyar kwanaki a kan keke cikin ƙasa mai tuddai wuri ne mai kyau na auna waɗannan maganganu biyu, domin a can jiki ne ke yanke hukunci, kuma jiki ba ya karɓar toshiya.

Mutum biyu, ra'ayi biyu

Na farkon mutanen biyu shi ne Paul de Vivie, wanda aka haifa a garin Pernes-les-Fontaines na Provence a 1853. Dillalin siliki ne a Saint-Étienne. Ya fara hawan keke yana da shekara 28, abin ya shiga ransa har ya bar cinikin siliki, ya koma shigo da kekuna daga birnin Coventry na Ingila, daga baya ya fara ƙera nasa. A 1887 ya kafa mujallar Le Cycliste, inda yake sa hannu da laƙabin Vélocio, kuma shi ake danganta wa kalmar cyclotourisme, wato yawon ganin ƙasa a kan keke. Ana ba da labari cewa wata rana yana fama da hawan Col de la République, sai wani mai karanta mujallarsa ya wuce shi cikin natsuwa, da lofe a baki yana zuƙa, don kawai kekensa na da giya mai sauƙi. Vélocio ya lura cewa giyar da ta dace da hawa ba ta dace da shimfiɗaɗɗiyar hanya ba, saboda haka abin da matafiyi ke bukata shi ne keke mai giya da yawa wadda za a iya canzawa ana cikin tafiya. Ya ƙare sauran rayuwarsa yana gwada dabaru iri-iri na yin haka, yana kuma kare su a rubuce.

Na biyun shi ne Henri Desgrange, tsohon ɗan tseren keke, shugaban jaridar L'Auto, wanda ya kafa gasar Tour de France a 1903. A wannan shekarar ta farko ƴan tsere sun bi ta Col de la République ɗin nan, shi ne ma mashigi na farko mai fiye da mita 1000 da gasar ta hau. Desgrange na ganin na'urar canza giya, wadda Faransawa ke kira dérailleur, abu ne na dattawa da masu rauni. A ra'ayinsa, namijin gaske da ƙarfin cinyarsa yake cin nasara, kuma duk dabarar da ta shiga tsakanin mutum da dutse ta rage wa nasarar albarka. Shi ya sa shekara da shekaru manyan ƴan tseren Tour na tafiya da ƙafar baya mai faifan haƙora a kowane gefe. Idan sun iso gindin dutse sai su sauka, su kwance ƙafar, su juya ta, su ɗaure, sannan su hau. Ba a yarda wa dukan ƴan tseren gasar su yi amfani da na'urar canza giya ba sai a 1937, bayan rashin lafiya ta sa Desgrange ya miƙa ragamar gasar ga Jacques Goddet.

Maƙerar Sainte-Marie-de-Campan

Abubuwa biyu da suka faru a kan dutse ɗaya sun isa su nuna inda kowane ra'ayi ke kaiwa. Dutsen shi ne Tourmalet, cikin tsaunukan Pyrénées, mai tsayin mita 2115. A 1902 ƙungiyar Touring Club de France ta shirya gwajin kekuna a wannan yanki, inda wata mata mai suna Marthe Hesse ta hau Tourmalet a kan keke mai giya uku ba tare da ta sa ƙafa ƙasa ba. Shekara takwas bayan haka, a 1910, da gasar Tour ta fara bi ta wannan dutse, Octave Lapize, wanda shi ya ci gasar a shekarar, sai da ya sauka ya tura kekensa a wani sashe na hawan. Babu mai cewa Marthe Hesse ta fi Lapize ƙarfi. Abin da ta fi shi kawai shi ne kekenta ya ba ta damar daidaita nauyin feda da ƙarfinta.

Na biyun ya faru a 1913. Eugène Christophe na gangarowa daga Tourmalet, yana cikin masu fatan cin gasar, sai ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaban kekensa ya karye. Dokar Desgrange ta ce ɗan tsere shi kaɗai zai gyara kekensa, babu mai sa masa hannu. Christophe ya saɓi keken a kafaɗa, ya taka a ƙasa tafiyar da ta kai kilomita 10 har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera, ya hura wuta, ya shiga ƙira da kansa alƙalan gasa na tsaye a kansa. Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ya san mutum ɗaya ba ya riƙe awartaki da guduma kuma ya yi zuga a lokaci guda. Wani yaro ya kama masa zugazugi. Bayan ya riga ya yi hasarar kusan sa'a huɗu, sai alƙalai suka ƙara masa tarar wasu mintoci saboda zugar yaron. Christophe ya gama gasar a matsayi na bakwai. A 1919 shi ne mutum na farko da ya sa rigar nan mai launin rawaya, amma har ya bar tsere bai taɓa cin Tour ba.

Jarumtar Christophe ba abin musu ba ce, har yau ana tunawa da ita a ƙauyen. Abin dubawa shi ne dokar. Ta ɗauki taimako a matsayin tabo, ko da taimakon yaro ne mai zuga. A ƙarƙashinta akwai wani tunani: cewa cikakken mutum shi ne wanda ba ya bin kowa godiya. Wannan tunani ne ya hana giya, shi ne kuma ya ci tarar zugazugi.

Abin da giya ke yi da abin da ba ta yi

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san ainihin aikin giya, domin da yawa daga masu zarginta sun ɗauka tana rage tsayin dutse. Lissafin ba shi da wuya. Ƙafar keken tafiya idan ta juya sau ɗaya takan ci kimanin mita 2 da ɗan ɗori. Idan faifan gaba na da haƙori 48, na baya na da 16, to kowane juyin feda ɗaya zai juya ƙafar baya sau uku, keke ya yi gaba da mita 6 da ɗori. Idan kuwa an mayar da sarƙa kan faifai biyu masu haƙori 28 kowanne, juyin feda ɗaya juyin ƙafa ɗaya ne, wato mita 2 da ɗori kaɗai. Kilomita ɗayan da babbar giya ke ci da juyi kusan 160, ƙaramar giya sai ta yi juyi kusan 480 kafin ta cinye shi.

Ma'anar wannan ita ce, daga Saint-Étienne zuwa saman mashigin akwai hawan da ya haura mita 600, kuma mai ƙaramar giya zai ɗaga nauyin jikinsa da na kekensa da na kayansa har wannan tsayin, daidai da mai babbar giya, babu ragin ko taƙi ɗaya. Ƙafarsa ce za ta yi aikin duka. Abin da ya canza shi ne rabon aikin: maimakon ya biya bashin dutse da manyan kuɗi ƴan kaɗan, sai ya biya shi da ƙananan kuɗi masu yawa. Kamar mai jan ruwa ne a rijiya mai zurfi da ya zaɓi ƙaramin guga. Randa ɗaya za su cika shi da mai babban guga, sai dai shi zai fi yawan jefawa, kuma gobe bayansa zai bar shi ya dawo bakin rijiya. Farashin da yake biya shi ne lokaci, da kuma haƙurin ganin wasu na wuce shi.

Kwana huɗu a tuddan Ardèche

Maganar gobe ita ce asirin tafiyar kwanaki. Daga saman Col de la République hanya na gangarawa zuwa Bourg-Argental da Annonay. Mai sauri yakan faɗa kwarin kogin Rhône, inda ƙasa ta shimfiɗu, iskar mistral mai kaɗawa daga arewa ta tura shi kudu. Wanda kuwa ya zaɓi ya ga ƙasa yakan bi ta tuddan Ardèche: Lamastre, Privas, mashigin Escrinet mai mita 787, Aubenas, Vallon-Pont-d'Arc inda kogi ya huda dutse ya bar wata gada ta halitta, sannan hanyar da ke bin bakin kwazazzabon kogin Ardèche tana hawa tana gangara har kusa da Pont-Saint-Esprit. Daga nan a ƙetare Rhône, a bi ta Orange da Carpentras a sauka Pernes, mahaifar Vélocio. Tafiya ce ta kusan kilomita 300, wadda mai matsakaicin ƙarfi da kaya zai raba kwana huɗu.

Ƙasa ce da ba ta san shimfiɗa ba. Koguna sun yanyanka ta daga yamma zuwa gabas, mai nufin kudu kuwa dole ya ƙetare su ɗaya bayan ɗaya, kowane kwari da tudunsa a gaba. Wanda ya san hanyoyin Adar, inda ake saukowa daga fako zuwa kwari a sake hawa, zai gane irin ƙasar, sai dai a can tuddan sun fi tsayi kuma itatuwa sun rufe su. A jikin tuddan ana ganin tsofaffin gonaki hawa-hawa da manoma suka tokare da jeren duwatsu, shaidar cewa mutanen wurin sun daɗe da sanin yadda ake cin tudu kaɗan-kaɗan.

A rana ta farko kowa jarumi ne. Saurayin da ya hau mashigin farko da babbar giya zai isa sama kafin kowa, ya jingina kekensa yana jiran na baya da murmushi. Rana ta biyu zai tashi da gwiwa mai tsami. Rana ta uku, a hawan Escrinet, abinci ya daina shiga, barcin daren jiya bai samu ba, ƙaramin tudu ya zame masa babban dutse. Tseren yini ɗaya yakan yafe wa mutum girman kai, domin kafin sakamakon ya iso an riga an tashi. Tafiyar kwanaki ba ta yafewa. Duk abin da aka ranta daga jiki jiya, yau ake biyan sa, har da riba.

Daga irin wannan sani ne Vélocio ya fitar da ƙa'idodinsa bakwai, waɗanda masu yawon keke ke maimaitawa har yanzu. Ya shawarci matafiyi ya taƙaita tsayawa kada jiki ya huce. Ya ci abinci tun bai ji yunwa ba, ya sha ruwa tun ƙishi bai kama shi ba. Ya sa riga tun sanyi bai shige shi ba, ya tuɓe ta tun zafi bai dame shi ba. Ya bar barasa da taba da nama muddin yana kan hanya. Kada ya matsa wa kansa a sa'o'in farko, lokacin da ƙarfi ke ruɗin mutum. Kada ya kai kansa ga gajiyar da ke hana ci da barci. Ta ƙarshe kuwa, kada ya taka feda don a gani a yaba. Shida na farko maganar jiki ce, ta bakwai maganar zuciya, kuma ita ce ke tsare sauran. Wanda ke tafiya don idon mutane shi ne zai ƙi shan ruwa don kada a ce ya gaji, shi ne kuma zai ji kunyar sa ƙaramar giya.

Dutsen Ventoux da kuskure biyu

Matafiyin da ya iso Carpentras zai ga wani dutse tsaye shi kaɗai a arewa maso gabas, mai fiye da mita 1900, kansa fari fat saboda tsakuwa. Shi ne Ventoux, kuma tarihinsa na ɗauke da misalin kuskure biyu da ke gefen hanyar daidai, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Mawaƙin Italiya Petrarca, a wata wasiƙa da ya sa wa kwanan wata 26 ga Afrilu 1336, ya ba da labarin yadda ya hau wannan dutse a ƙasa tare da ƙanensa Gherardo. Ƙanen ya kama hanyar da ta miƙe sama. Shi kuwa ya dinga ratsewa yana neman wata mai sauƙi ta gefe, sai ya iske kansa yana gangarawa cikin kwari, ya gaji bai ƙaru da komai ba, ƙanen na sama yana yi masa dariya. Da kansa ya fassara abin: mutum ba ya isa sama ta hanyar gangara. Wannan shi ne kuskure na farko, wato gudun hawa da sunan neman sauƙi.

Na biyu ya faru ranar 13 ga Yuli 1967. Tom Simpson, ɗan tseren Ingila mai shekara 29, zakaran duniya na 1965, yana hawan Ventoux cikin gasar Tour a rana mai tsananin zafi, alhali ba shi da lafiya. Ya faɗi, aka mayar da shi kan keke, ya sake faɗuwa kusa da ƙololuwa, bai tashi ba. Bincike ya nuna akwai ƙwayar amfetamin a jikinsa. Aikin irin wannan ƙwaya shi ne ta toshe kunnen mutum daga jin kukan jikinsa. Gajiya ƴar aike ce mai kawo gargaɗi, wanda ya kashe ɗan aike kuwa bai kashe saƙon ba.

Masanin falsafar Girka Aristotal ya koyar cewa kyakkyawan hali na zaune ne tsakanin gazawa da wuce iyaka, kamar yadda jarumta ke tsakanin tsoro da ganganci. Ya ƙara da cewa wannan tsakiya ba ɗaya ba ce ga kowa: abincin da ya yi wa ƙaton ɗan kokawa kaɗan, ya yi wa sabon shiga yawa. Keke mai giya ɗaya na ɗora wa dukan mutane ma'auni guda. Keke mai giya da yawa na tilasta wa kowa ya nemi nasa ma'aunin, a kowane tudu, a kowace sa'a, kuma wannan nema aikin hankali ne da gaskiya, domin sai mutum ya yarda da iyakarsa kafin ya kai hannu ga giya. Fiƙihun Musulunci ma ya san wannan hikima, tun da ya yi wa matafiyi rangwamen ƙasaru da jinkirta azumi, kuma malamai ba su ɗauki karɓar rangwamen a matsayin raunin imani ba.

Inda Desgrange ke da gaskiya

Zalunci ne a mayar da Desgrange mugun mutum mai son ganin wahalar bayin Allah kawai. Yana da damuwa ta gaskiya. Gasa ba ta da ma'ana sai an daidaita sharuɗɗa, kuma ya ga yadda kamfanonin kekuna masu kuɗi ke iya saya wa ƴan tserensu nasara. Shi ya sa a 1930 ya sauya tsarin Tour, ya kawo ƙungiyoyin ƙasashe, ya ba manyan ƴan tsere kekuna iri ɗaya. Yana son a san mutum ne ya ci, ba aljihun maigidansa ba. Yana kuma da gaskiya cewa akwai abin da mutum ba ya sani game da kansa sai ya sha wuya. Wanda aka kai saman Ventoux cikin mota ya ga abin da mai keke ya gani, amma bai san abin da mai keke ya sani ba.

Kuskurensa shi ne ya ɗauki dokar tsere ya mai da ita ma'aunin mutuntaka. Tsere na tambayar wa ya riga wa. Tafiya na tambayar ko an isa, da wa aka isa, kuma me aka gani a hanya. Yawancin abin da ɗan Adam ke yi a duniya, noma da reno da neman ilimi da zaman aure, tafiyar kwanaki ce, ba ta da layin ƙarshe da alƙali ke tsaye a kai da agogo.

Zamani ya sake kawo tambayar da sabuwar fuska, wato keke mai batir. A nan maganar ta bambanta da ta giya, domin inji na ɗaukar wani kaso na aikin da gaske. Duk da haka ma'aunin bai ɓace ba. Dattijon da batir ya ba damar bin ƴaƴansa hawan Escrinet bai cuci kowa ba, kuma kowa na ganin batirin. Amma a 2016, a gasar duniya ta tseren keke cikin laka da aka yi a Beljiyam, an gano ƙaramin inji ɓoye cikin wani keke, kuma wannan sata ce. Injin iri ɗaya ne a wajen biyu. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya bayyana taimakon da ya karɓa, ɗaya ya ɓoye shi don ya amshi yabon da ba nasa ba.

Malaman makaranta na fuskantar wannan rarrabewa kullum, ko da ba su taɓa hawa keke ba. Akwai malamin da ke cewa da fitilar ƙwai da bulala aka yi karatu a zamaninsa, don haka duk wani sauƙi lalata yara ne. Wannan ɗan gidan Desgrange ne, yana ƙidaya wahala a matsayin ilimi. Akwai wanda ke ƙara wa ɗalibai maki don a rabu lafiya, shi kuwa yana bin ratsen Petrarca, yana kai yara kwari yana ce musu sama ce. Na uku shi ne wanda ke barin darasi da tsayinsa, amma ya yanka shi ƙanana, ya maimaita sau uku abin da wani zai faɗa sau ɗaya, ya yarda a yi jinkiri. Ranar jarrabawa ranar tsere ce, dole doka ta zama ɗaya ga kowa. Sauran kwanakin shekara kuwa tafiya ce, kuma a tafiya laifi ne a hana yaro ƙaramar giya.

Kammalawa

Amsar tambayar farko ke nan: wahala kuɗin hanya ce, ana biyan ta domin babu wata hanyar zuwa sama, amma wanda ya biya fiye da abin da dutse ya nema bai sayi ƙarin daraja ba, hasara kawai ya yi. Darajar na cikin hawan da mutum ya yi da ƙafarsa, da gaskiyar da ya faɗa game da taimakon da ya samu, da kuma ƙarfin da ya rage domin gobe. Wanda ya ci zomo lalle ya ci gudu, sai dai mafarauci mai hankali ba ya ƙara wa kansa gudu bayan zomo na hannu don a ce ya wahala.

Vélocio ya ci gaba da doguwar tafiya a kan keke har ya haura shekara 70. A 1930 jirgin ƙasa na cikin gari ya buge shi a Saint-Étienne yana riƙe da kekensa, ya rasu yana da shekara 76. An kafa masa dutsen tunawa a saman Col de la République. Al'adarsa ta gangarawa Provence lokacin bikin Pâques ta zama taron shekara-shekara na masu yawon keke, kuma tun 1947 ƙungiyar Audax Club Parisien ke shirya wata tafiya da sunansa, Flèche Vélocio, zuwa wurin taron. Ƙungiyoyi ne na keke uku zuwa biyar, su yi aƙalla kilomita 360 cikin sa'a 24. Tafiya ce mai wuya ƙwarai, abin da ke nuna cewa almajiran mai ƙaramar giya ba ragwaye ba ne. Amma dokarta ta saɓa wa dokar maƙerar Sainte-Marie-de-Campan: ba a rubuta wa kowa nasara shi kaɗai, sai aƙalla uku daga cikinsu sun iso tare. Mafi ƙarfi a cikinsu, in yana son sunansa ya shiga littafi, dole ne a kan tudu ya waiwaya, ya rage giya, ya jira na baya.